Mai Man Shanu Ne Ya Kashe Alhaji

Duk wanda ya zauna cikin garin Lafia a shekarun da aka mayar da ita hedikwatar jiha, in dai a gidansu ana cin tuwo da man shanu, to ya san Raliya. Bafulatana ce doguwa, siririya, mai saurin ƙafa da saurin baki, daga wata ruga da ke gefen hanyar Doma. Mijinta Bubayero yana da shanu daidai gwargwado da gonar dawa, ita kuma tana da nonon, domin a wajensu saniya ta miji ce, abin da ya fito daga hantsarta na mace ne. Tun tana amarya take shigowa gari da ƙwarya a ka, har ta haifi bakwai ta aurar da huɗu ba ta fasa ba.

Aikinta ba shi da wani ɓoyayyen sirri, sai dai haƙuri. Da sassafe ta juye kindirmon jiya a gora, ta ɗora a cinya ta yi ta kaɗawa har man ya tattaru ya rabu da nonon. Ta tsame shi, ta wanke da ruwan sanyi sau uku, ta cura shi ƙanana kamar ƙwan zabo, ta jefa cikin tsala, wato nonon da aka cire wa mai, ya yi ta yawo a sama har ta kai gari. Ba ta ƙara wa nononta ruwa, ba ta yi masa kauri da kuka, kuma ba ta jin nauyin faɗin haka a gaban waɗanda ke yi. An san Fulani da kunya da kawaici, amma Raliya a rabon kawaici ba ta samu da yawa ba. In ka taya manta da wulaƙanci, za ta rufe ƙwarya da faifai ta ce maka ka je ka nemi manja, shi ne daidai da kai.

Cikin duk gidajen da take shiga, ba wanda ta fi so kamar gidan Alhaji Mele, dillalin riɗi da doya, daga tsofaffin gidajen Barebarin garin. Shekara goma sha tara tana kai masa man shanu kowace Juma'a da hantsi. Matarsa Hajiya Zara ce ke karɓa, ta soya da albasa ta ɗura a kwalba, amma Alhaji ba ya bari Raliya ta fita sai sun taɓa wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani.

"Baiwata ta iso," in ji shi daga kan tabarma. "Yau me kika kawo wa ubangidanki?"

"Bawan Fulani, ai ciyar da kai ya zama mana dole," in ji ta. "Ci ka yi ƙiba, ranar da za mu kai ka kasuwa ka yi tsada."

Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya dubi mutanen da ke zaune ya ce, "Ku shaida, Bafulatanar nan ce ajalina." Ita kuma ta ce, "Ni ce kuwa, sai na ga bayanka." Haka suke yi a gaban kowa, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da wata manufa. Shi ne mutumin da ya tsaya wa Bubayero a gaban mai unguwa lokacin da shanunsu suka yi ɓarna a gonar wani, shi ne kuma ya ɗauki babbar 'yarta a motarsa zuwa asibiti ranar da haihuwa ta zo da gardama.

Da aka ƙirƙiro jiha a 1996, garin ya cika da ma'aikata, Alhaji ya samu kwangila, ya sayi mota ya ɗauki direba. Mutumin da a da yake taka ƙafa daga gida zuwa kasuwa sau biyu a rana, sai ga shi ko masallacin unguwa sai an kai shi. Tumbi ya fito, wuya ya ɓace. A ɗakin waje na gidansa akwai wata 'yar haya, Sista Doose, 'yar Tibi, nas a asibitin gwamnati. Ita ke auna masa jini, ita ke yi masa faɗa, shi kuma ya ce to, ya ci gaba da abin da yake yi. Wata rana cikin bazarar 1998, bayan azahar, ya dafe ƙirji a shagonsa ya faɗi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar uku mata sun cika tsakar gida, wata ta tambayi Sista Doose wai me likita ya ce, tunda mutum lafiyarsa ƙalau da safe. Doose Hausar kasuwa gare ta, irin wadda rabin mutanen Lafia ke yi, mace da namiji duk "shi" ne, duk "ya" ne. Ta share hawaye ta ce, "Ai ba wani abu ba ne, na gaya masa tun bara. Mai, man shanu, ne ya kashe Alhaji."

Abin da take nufi shi ne maiƙo, wato mai, sannan ta kawo man shanu a matsayin misali. Amma ɗan numfashin da ta ja tsakanin "mai" da "man shanu" bai kai bakin ƙofa ba. Matar da ke zaune can baya ta ji "mai man shanu ne ya kashe Alhaji". A Kano da wani ya tsaya ya ce, ai da mace ake nufi da an ce "ce ta kashe". A Lafia wa ke da lokacin wannan? Mai man shanu kuwa guda ɗaya ce ke shiga gidan. Kafin sadakar bakwai, an tuno duk wasan da suke yi, an jera shi kamar shaidu a kotu. Ba da bakinsa ya ce ita ce ajalinsa ba? Ba da bakinta ta ce sai ta ga bayansa ba? Ga kuma nas ta faɗa, wadda ta ga takardar likita.

Raliya ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ta dai ga gida na farko an ce akwai sauran na wancan mako, na biyu an ce Hajiya ba ta nan alhali ga muryarta tana jiyowa, na uku wata ta janye ɗanta daga kusa da ƙwaryar. Sai a gida na shida wata tsohuwa da ba ta iya rufa-rufa ba ta ce mata, "Ke kuwa 'yar nan, me Mele ya tare miki da za ki sa masa abu a mai?"

Ta sauke ƙwaryar a hankali. A wajen Bafulatani nono ba abin wasa ba ne, da shi ake rantsuwa, kuma macen da aka ce ta sa mugun abu a cikinsa ta gama yawo, ita da 'ya'yanta mata. Ta bar kayan a nan ta nufi gidan Alhaji, ta shiga har ɗakin da Hajiya Zara ke takaba.

"Hajiya, kin ji abin da ake faɗa a kaina?"

Hajiya tana jan carbi, ba ta ɗago ba.

"Shekara goma sha tara ke kike karɓa da hannunki, ke kike soyawa. Ki faɗa musu."

"Allah ya san gaskiya," in ji Hajiya, ta ci gaba da jan carbinta.

Wannan amsa ta fi zagin tsohuwar ciwo. Raliya ta tsaya jim, ta ga ba ƙari, ta juya ta fita. Ba ta sake taka gidan ba sai bayan shekara tara.

Daga nan bakin asibiti ta wuce, ta zauna a rana har Sista Doose ta tashi daga aiki. Da Doose ta fahimci abin da maganarta ta haifa, sai ta ɗora hannu biyu a ka. "Mama, abeg, ni ban ce kai ba. Mai na ce, mai na abinci. Yana toshe hanyar jini, zuciya ya gaji ya tsaya. Ba poizin ba ne." Kuma ta yi abin da ya kamace ta, domin kwana uku tana bin gidajen unguwar da fararen kayanta tana warware magana. Wasu suka yarda, wasu suka ce an dai ba ta haƙuri ne ta janye.

Ta dawo tana murna ta ce wa Raliya an gyara. Raliya ta dube ta sama da ƙasa.

"Sista, man wa yake ci?"

"Naka, Mama."

"Kuma kin ce man ne ya kashe shi."

"Haka aka koya mana."

"To me kika gyara? Da kin ce na kashe shi da gangan, yanzu kin ce na kashe shi ban sani ba. Ni kuwa ban kashe shi ba, ko da gangan ko da kuskure."

Nan gardamar ta fara, kuma ta zama abota, irin ta mutum biyu da kowa ya raina ilimin ɗan'uwansa amma bai raina mutuncinsa ba. Duk Talata Raliya ta biya ta bakin asibiti ta ba Doose nono, ta kuma ba ta hujja. Mahaifinta, in ji ta, da ludayi yake shan man shanu, kuma sai da ya ga jikan jikansa. Doose ta ce shi ai wuni yake yana bin shanu a ƙafa, Alhaji kuwa a kujera yake wuni. Raliya ta ce madalla, ashe kujera ce ta kashe shi, sai a je a kama kafinta. Doose ta ce to kawunka da ka ce ya faɗi a wajen kiwo yana da shekara hamsin fa? Raliya ta ce wannan kwanansa ne ya ƙare. Doose ta ce ba a gardama da kai, Mama, in mutum ya daɗe man shanu ne, in ya mutu kwana ne.

Kasuwa kuwa ba ta gagare ta ba. Tsofaffin gidaje da yawa sun rufe mata ƙofa, amma sababbin ma'aikatan sakatariya sun zo da wata sabuwar al'ada, kowa nono marar mai yake nema, wai likita ya ce. Raliya ta yi dariya har da riƙe ciki. Tsala, abin da su a ruga suke ɗauka saura ne bayan an kwashe mai daɗin, shi ne yau manya masu takalmi sau ciki ke layi a kansa. Ta sayar musu ba tare da ta rage murya ba, tana cewa, "Ga na masu tsoro, ga na masu rai," tana nuna tsala da curin mai. Kanta a sama yake kullum. Sai dai har lokacin akwai lungun da in ta bi sai ta ji an yi ƙasa da murya, kuma an fasa neman auren 'yarta ta biyar ba tare da an faɗi dalili ba. Dalilin ta san shi.

Hajiya Zara kuma, labari ya ishe Raliya cewa tun da ta fita takaba ta kori mai daga tukunyarta gaba ɗaya. Ba man shanu, ba manja, ba man gyaɗa, nama sai an yanke kitse an zubar, kifi sai dafaffe. Miyar gidan ta zama abin ba'a a unguwa, jikoki suna gudu maƙwabta cin abinci. Tana cewa ita ba za ta bi Alhaji ta wannan hanya ba, kuma an gaya mata barin mai yana tsare mace daga ciwon daji, wanda ya kashe mahaifiyarta.

A farkon 2006, wata rana da la'asar, Bubayero yana gindin ɗorawa da rediyonsa, ya ƙwala wa Raliya kira, abin da ba ya yi sai da dalili. Ana ba da labarin wani bincike da aka yi a Amurka. Mata kusan dubu hamsin, duk manya, aka raba su biyu, wasu aka sa su rage mai a abinci, wasu aka bar su suna cin abin da suka saba. Aka bi su wajen shekara takwas. Da aka duba, waɗanda suka rage man ba su tsira daga ciwon zuciya ko ciwon daji fiye da sauran ba, in ma akwai bambanci, bai kai a kafa hujja da shi ba.

Washegari ba Talata ba ce, amma Raliya ta yi sammako. Ta tarar da Doose ta riga ta ji.

"To, Sista, Turawan naki sun janye. Saura ke."

"Mama, zauna tukuna. Ba su ce man shanu ba shi da laifi ba. Sun duba yawan mai ne, ba su duba wane iri ba. Har yanzu ana cewa man gyaɗa ya fi kitse da man shanu sauƙi ga zuciya. Kuma mata suka gwada, Alhaji namiji ne, ga bi-pi, hawan jini, ga gishiri, ga zama wuri ɗaya."

"Ni ba karatu na zo ɗauka ba. Ya kashe shi ko bai kashe shi ba?"

Doose ta ce, "Ba wanda zai iya faɗa. Ni ma ranar nan bai kamata na faɗa kamar na sani ba. Ban sani ba, Mama."

Raliya ta yi tsammanin in wannan rana ta zo za ta yi guɗa. Sai ta ji abin bai kai mata inda ke ciwo ba. A hanyar komawa ta gane cewa ba bakin Turawa take jira ba, ba kuma bakin Doose ba. Baki ɗaya ne ya yi shiru lokacin da ya kamata ya yi magana, kuma yana nan cikin gari bai buɗe ba.

Cikin damunar 2007 Doose ta zo har ruga a kan babur, takalminta duk taɓo. Ta ce Hajiya Zara ba lafiya, ciwon daji ne a mama, an yi aiki a Jos amma ya riga ya bazu, an dawo da ita gida. Ta ce a kira mata Raliya.

"Ni ta ce?"

"Kai ya ce, Mama. Sau uku."

Raliya ta ɗauki mayafinta. Ba ta ɗauki ƙwarya ba, don ba ciniki za ta ba.

Tsakar gidan cike da mata 'yan dubiya, da yawansu waɗanda suka zauna ranar sadakar uku ne, sun tsufa kawai. Ta yi sallama ta ratsa su ta shiga ɗaki. Hajiya ta rame har Raliya ta kusa kasa gane ta, kuma tausayi ya kama ta nan take, duk da ta zo da shirin kada ya kama ta.

"Bafulatana," in ji Hajiya da ƙyar, "kin zo ganin baiwarki."

"Na zo, Hajiya. Ya jiki?"

"Jiki ya gama. Shekara tara ban sa mai a bakina ba, ga shi abin ya same ni inda nake." Ta huta. "Ranar da kika shigo kika ce in faɗa musu, na san ba ki yi komai ba. Amma Sista ta ce mai ne, ni kuwa ni ke zuba masa. Ya ce cokali ɗaya likita ya ce, ni in zuba uku, don ina son in ga ya cinye tuwona. Da na ji mata sun juya maganar kanki, sai na ji sanyi. Na ce gara ke da ni. Na bar ki da shi."

Raliya ta zauna a bakin gado. Duk maganganun da ta tanada shekara tara, masu kaifi, ta neme su ta rasa. Abin da ya fito daga bakinta wani abu ne da ko 'ya'yanta ba su sani ba.

"Hajiya, ni da nake cika baki a kasuwa, tun ranar nan ban sake sa wa tsohon gidanmu Bubayero mai a tuwo ba. In zuba wa kowa, in tsallake kwanonsa. Bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Tsoro nake ji kada Sista ta yi gaskiya."

Suka dubi juna. Hajiya ta fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma kuka, Raliya ta riƙe mata kai har ya lafa.

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ba a ɗaki aka ɓata ni ba, Hajiya. Ina da 'ya'ya mata."

Hajiya ta gyaɗa kai. Ta ce a ɗage labule, a tashe ta zaune, a ce wa matan su matso bakin ƙofa. Doose da Raliya suka tallafe ta, ɗaya dama ɗaya hagu. Muryar ba ta da ƙarfi, amma tsakar gidan ta yi tsit har ana jin ɗigar ruwa daga indararo.

"Ku ji da kunnenku, ku kai wa waɗanda ba su zo ba. Matar nan ba ta yi wa Alhaji komai ba sai alheri. Na sani tun ranar, na yi shiru, alhakinta yana wuyana. Abin da ya kashe shi, Allah ne ya sani, likita ma bai sani ba." Ta numfasa. "Kuma in na cika, ita nake so ta zuba mini ruwa."

A gidan Barebari, da 'yan'uwa da 'ya'ya cike da ɗaki, ba a saba ba wa bare wannan aiki ba, balle wadda aka shekara tara ana janye yara daga gabanta. Raliya, wadda ba a taɓa rufe mata baki a kasuwar Lafia ba, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Hajiya Zara ta ƙara kwana goma sha tara. Ranar da ta rasu aka aika ruga tun da hantsi, Raliya ta zo, ta naɗe hannun rigarta. Ƙanwar Hajiya ce ta yi wankan, ita kuma ta riƙe buta tana zuba ruwa har aka gama.